Washegarin aikin zuciya aka tashe ni tsaye

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Yau wata bakwai cif da aka buɗe mini ƙirji a nan Ingila aka canza mini bawul ɗin zuciya, wato ɗaya daga cikin ƙofofin da jini ke bi a cikinta, kuma sai yanzu na samu natsuwar da zan ba ku labari a tsanake. Waɗanda suka kira, da waɗanda suka aiko saƙon murya, da waɗanda suka sa ni a addu'a ban ma sani ba, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Sai dai akwai maganar da kusan kowa ya maimaita mini: "Ka kwanta ka huta, kada ka motsa." Yaya ta faɗa, Kawu ya faɗa, abokan ƙuruciya sun faɗa. A kanta nake so mu tsaya, domin a nan akasinta aka yi mini, kuma na ji ciwon abin ƙwarai kafin in gane.

Ranar Talata da safe aka shiga da ni tiyata. Ban san inda kaina yake ba sai cikin dare, na farka a ɗakin kulawa ta musamman, robobi biyu sun fito daga ƙasan ƙirjina suna zubar da ruwa da jini, wata a wuya, wata ta fitsari. Ƙashin ƙirji tsaga shi ake yi gida biyu, a tsayar da zuciya, na'ura ta riƙe aikinta da na huhu har a gama, sannan a ɗaure ƙashin da wayar ƙarfe wadda za ta zauna a jikin mutum har ƙarshen rayuwarsa. Duk numfashin da na ja sai in ji kamar an ɗora mini dutsen niƙa.

Washegari da hantsi wata yarinya ta shigo, cikin ma'aikatan gashin ƙashi, ba za ta wuce sa'ar autarmu ba. Ta kira sunana gatsal, ba Malam ba komai, haka suke yi a nan ko da ka haifi mutum, ta ce yau za mu sauka daga gado. Na ɗauka ban ji daidai ba. Na nuna mata robobin, na ce jiya fa aka yanka ni. Ta ce ta sani, shi ya sa ta zo. Ta naɗe tawul ta ba ni in rungume a ƙirji, ta ce in yi tari. Wallahi tarin nan ban taɓa jin azaba irin tasa ba. Kafin in dawo hayyacina ita da wata nas sun zuro ƙafafuna ƙasa, sun tsayar da ni, ga rigar asibiti a buɗe ta baya, ga jakar fitsari a hannun nas, ga marasa lafiya da ma'aikata suna kallo. Ni magidanci mai shekara 44, uban 'ya'ya uku, hawaye suka zubo mini, rabi na zafi rabi na kunya. A raina na ce mutanen nan ba su da tausayi, gadon suke so su ba wani.

Taku uku na yi zuwa kujera. Ta ja wata kujerar ta zauna kusa da ni, ta yi mini bayanin da har yau yake kunnena. Wanda ya kwanta shiru bayan irin wannan aiki, ƙasan huhunsa ba ya buɗewa, majina ta taru a ciki, daga nan sai ciwon huhu. Jini kuma yakan daskare a jijiyar ƙafa, in gudan ya ɓalle ya tafi huhu yana iya kashe mutum nan take. Tari da jan dogon numfashi da tafiya su ne ke hana wannan. Ta ce ɗinkin ba zai farke don na tsaya ba, wayar ta riƙe ƙashin, abin da aka hana ni shi ne ɗaukar nauyi da dogara da hannu wajen tashi. Kashegari na kai bakin ƙofa. Rana ta huɗu na zagaya baranda. Rana ta shida ta sa ni hawa matakalar bene tana bayana, ta ce ba a sallamar wanda bai hau ba. Rana ta bakwai ina gida.

Da a can gida aka yi wannan, na san Yaya da kanta za ta tare ƙofa, ta ce yarinyar ba ta da imani. Mu ƙaunarmu ga marar lafiya ita ce mu kwantar da shi, mu lulluɓe shi, mu hana shi ko ɗaukar kofi, har jikinsa ya saki. Wanda ya ce zai ɗan taka sai a ce yana da gaggawa. A kujerar nan na tuna wani ɗan uwanmu, Allah ya ji ƙansa, da aka yi wa aikin ciki shekarun baya, ya yi makonni a shimfiɗe muna ta yi masa fifita, ƙafarsa ɗaya ta kumbura muka ce kwanciya ce, rana ɗaya numfashi ya sarƙe masa. Kwana ya ƙare, babu ja a kan wannan. Amma duk lokacin da na tuna kumburin ƙafar nan sai jikina ya yi sanyi, domin babu wanda ya taɓa gaya mana abin da yake nufi.

Ciwon nawa ma daga gida na taho da shi ban sani ba. Da na fara haki in na hau bene, ƙafa na kumbura da yamma, aka ɗauki hoton zuciyar da irin na'urar da ake duba masu juna biyu, sai aka ga ƙofar da ke tsakanin ɗakuna biyu na hagu ta ƙanƙance ta yi tauri. Likitan ya tambaye ni ko ina yaro na yi fama da ciwon maƙogwaro da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi. Wa bai yi ba? Ya ce akwai ƙwayar cutar da ke kama maƙogwaron yara, yawanci 'yan shekara 5 zuwa 15, in ba a kashe ta da penisilin ba, garkuwar jiki kan juya ta far wa ƙofofin zuciya, ɓarnar ta yi ta ci a ɓoye shekara ashirin ko talatin. Da nake kwance kafin aikin, ɗaliban likitanci suka yi ta zuwa suna neman izini su saurari ƙirjina, saboda a ƙasar nan cutar ta yi ƙaranci ƙwarai. Na bar su, amma abin ya sosa mini rai. Ciwon da maganin 'yan kwanaki zai tare, shi ya kai ni ga wuƙa. Iyaye mata, don Allah yaron da ke kukan maƙogwaro da zazzaɓi a kai shi a duba, a kuma shanye maganin har ƙarshe.

Na san tambayar da ke bakin kowa ita ce nawa na biya. A asibiti ko kwabo. Babu wanda ya ce a kawo kuɗi kafin a taɓa ni, babu wanda aka aika neman jini ko safar hannu. Tun 1948 aka kafa tsarin lafiya na gwamnati, wato NHS, a kan haka, haraji ne ke ɗaukar nauyi. Kada dai a ɗauka kyauta ce ta faɗo daga sama: mu baƙi masu biza, ban da harajin da ake cira a albashi, muna biyan kuɗin lafiya tun wajen neman bizar, wanda daga 2024 ya koma fam 1,035 a shekara kan kowane babba. Magani kuma a Ingila fam 9.90 ne kowane iri ɗaya da likita ya rubuta, alhali a Sikotlan da Wales ba a biya. Mai ciwon sukari an yafe masa, mai ciwon zuciya ba a yafe masa ba sai ya kai shekara 60, abin da har yau na kasa gane hikimarsa. Na sayi takardar shekara ta fam 114.50 wadda ke rufe duka.

Abin da ba a biya da kuɗi ana biyansa da jira. Daga ranar da aka ce sai an yi aiki zuwa ranar da aka kira ni, watanni na yi ina barci a jingine da matashi uku. A ƙa'ida mako 18 ne, amma a 2023 jerin masu jiran magani a Ingila ya haura miliyan 7. Ganin likitan unguwa kuwa wani yaƙi ne. Ƙarfe takwas na safe za ka kira, ka tarar da mutum ashirin a gabanka a layin waya, in an ɗauka a ce gurbin yau ya cika, ka sake gobe. In ka samu, minti goma ne, matsala ɗaya. Likitan haƙori ya fi wannan wuyar samu, ga shi an gargaɗe ni cewa mai bawul ɗin ƙarfe dole ya kula da haƙoransa, don ƙwayar cuta daga dasashi tana iya bin jini ta sauka a kan bawul ɗin. A lokacin da nake kwance, kuɗin jinya da doka ta wajabta a ba ma'aikaci bai kai fam 120 a mako ba, ba ya ko biyan haya. Matata ta koma aiki mako biyu bayan sallamata, don babu yadda za mu yi.

A nan ne kewar gida ta kama ni da gaske. Takwas na safe gida ya watse, yara makaranta, uwarsu aiki, ni kaɗai da ƙarar bawul. Yana ƙara fa, ƙas-ƙas kamar agogon hannu, in dare ya yi tsit har matata tana ji. Ba mota tsawon mako huɗu, haka dokar tuƙi ta ce. Ba ɗaukar abin da ya fi butar shayi mai rabin ruwa har ƙashi ya haɗe, wajen mako shida zuwa takwas. Salla a zaune, barci a rigingine. Maƙwabcina da muka shekara biyar bango ɗaya kati ya zuro ta ƙofa, bai ƙwanƙwasa ba, wai kada ya dame ni. Na riƙe katin ina tuna yadda ɗaki ke cika da 'yan dubiya, wannan ya ce ya jiki, wancan ya ce Allah ya sa kaffara ne, har marar lafiya ya manta da ciwonsa na ɗan lokaci. Akwai ranakun da na yi kuka ba dalili. Da na gaya wa nas, ta ce da yawa daga cikin waɗanda aka yi wa aikin zuciya sukan shiga wannan hali, ta rubuta, ta kira ni bayan mako ɗaya ta ji ko ya ragu. Ta kyauta, amma kiran waya ba ya maye gurbin Yaya a bakin gado.

Bibiyar nan ita ce abin da na fi yaba musu. Bawul ɗin ƙarfe yana daɗewa, amma jini na son daskarewa a kansa, don haka zan sha warfarin, maganin tsinka jini, har ƙarshen rayuwata. Na nama, wanda ake yi da jikin saniya ko alade, ba ya bukatar haka, sai dai yakan gaji bayan shekara 10 zuwa 20 a sake aiki, shi ya sa a shekaruna na zaɓi na ƙarfe. Ƙwayoyin kala-kala ne don kada a rikice: mai miligiram 1 ruwan ƙasa, mai 3 shuɗi, mai 5 ruwan hoda. An ba ni ɗan littafi ruwan ɗorawa da ake rubuta sakamakon gwajin INR, wanda ke nuna tsinkewar jini. In ya yi ƙasa, gudan jini na iya zuwa ƙwaƙwalwa ya shanye rabin jiki. In ya yi sama, jini ya ɓalle. Ganye irin alayyahu da kabeji suna rage ƙarfin maganin, ba a hana ci ba, an ce dai kada yau a ci da yawa gobe a daina. Ibuprofen kuwa an ce ko kusa. Ranar da na manta ban je gwaji ba, kafin azahar an kira ni.

To ku dubi halinmu. Mutum nawa muka sani da aka ɗora a kan maganin hawan jini, ya sha wata ɗaya, ciwon kai ya tafi, ya ce ya warke? Ko wani ya ce masa maganin Bature in ka saba da shi ba ka rabuwa da shi, ya ajiye ya koma jiƙe-jiƙe? Har ni nan, mutum uku sun ce za su aiko mini da abin da zai wanke zuciyar in huta da ƙwaya. Na san ƙauna ce, amma wanda ke shan warfarin ya haɗa da sassaƙen da ba a san abin da ke ciki ba, ransa ya sa a caca. Na san kuma da yawa rashin kuɗi ne ke sa su tsayawa, waɗannan ba da su nake ba. Da masu hali nake, waɗanda ke da kuɗin komai ban da na awon jini.

Mako shida bayan aiki aka tura ni ajin motsa jiki na masu ciwon zuciya, sau ɗaya a mako har mako takwas. Mu goma sha biyu ne, ni ne ƙarami, akwai tsohuwa mai shekara 79 da ke riga ni gama zagaye. Ana auna bugun zuciya kafin a fara da bayan an gama, an koya mana cewa tafiyar da ta dace ita ce wadda za ka ɗan yi haki amma kana iya magana. A can na sake haɗuwa da yarinyar nan. Ta gane ni, ta sake kiran sunana gatsal, ta tambayi taku nawa nake yi yanzu. Na ce minti arba'in kullum, ko ana yayyafi. Na so in gaya mata abin da na raya a kanta ran nan a kujera in nemi afuwa, Turancin ya ƙi fitowa yadda nake so, sai na ce na gode sau biyu.

Yaya, na ji an ce ƙafarki na kumbura da yamma kuma kina haki in kin yi shara. Kada ki jira in zo, ki sa a kai ki a duba zuciyar a auna jinin cikin makon nan, zan kira ran Juma'a in ji abin da aka ce. Ni gobe ƙarfe tara nake da gwajin jini, kuma da ƙafa zan je.