Bluetooth ko Wi-Fi: wanne ya dace da tsohuwar amfilifayar Alhaji?

Alhaji, barka da warhaka. Ga waɗanda tambayar ta wuce su a zaure: Alhaji yana da tsohuwar amfilifaya da manyan lasifiku biyu a falonsa a Aboabo da ke Kumasi, a laftof ɗinsa kuma akwai sautin da ya yi shekara da shekaru yana tarawa, karatun Alƙur'ani, tafsirin azumi, ƙasidun maulidi, da tsofaffin waƙoƙin Hausa da na hailaif waɗanda aka kwafo daga kaset. Ya gaji da kebul ɗin da ya ratsa tsakiyar falo, jikoki na ta tuntuɓe da shi. Wani mai shago a Adum ya ce ya sayi 'yar na'urar Bluetooth, ɗansa kuma ya dage Wi-Fi ta fi. Yana son sanin wanne ne ya fi, kuma ko Wi-Fi za ta riƙa cinye masa data.

Maganar data ce ta fi sauƙi. Muddin abin da kake saurare yana cikin laftof ɗinka ko wayarka, duk biyun ba sa cin ko pesewa ɗaya. Wi-Fi daban, intanet daban. Rauta tana haɗa na'urorin cikin gida da junansu ko da babu ko megabait ɗaya a layinka na MTN ko Telecel, sautin yana tashi daga laftof ya bi ta rauta ya sauka a amfilifaya, bai leƙa waje ba. Data tana shigowa ne ranar farko, wajen sauke manhaja da saita na'urar, sai kuma in ka koma sauraron Spotify ko Boomplay ko Audiomack.

Kowanne ka zaɓa, amfilifayarka ba za a taɓa cikinta ba. Ƙaramin akwati ne za a ajiye a kanta, a jona shi da gajeren kebul zuwa ramukan nan biyu na baya, ja da fari. A sa a inda aka rubuta AUX ko CD ko TAPE ko TUNER. Kada a sa a PHONO, wannan ramin na garmaho ne, yana ƙara wa sauti ƙarfi ninkin ba ninkin, abin da zai fito sai ka ɗauka lasifikar ta yage.

Inda suka rabu shi ne hanyar da sautin ke bi. A Bluetooth wayarka ce mai kunnawa: ita ke buɗe fayil, ta matse sautin, ta tura shi ta iska zuwa akwatin. Duk abin da ya sami wayar ya sami sautin. Aka kira ka, karatu ya tsaya. Ka fita tsakar gida yin alwala da wayar a aljihu, ya fara yankewa, domin nisan da aka saba samu kusan mita 10 ne a fili, bangon bulo biyu kuma ya isa ya cinye rabinsa. Abin da ya fi ba da kunya shi ne saƙon murya. Na taɓa zama a wani falo ana jin ƙasida, mai gida ya manta wayarsa tana haɗe, ya danna saƙon WhatsApp, sai ga muryar mai bin sa kuɗin siminti ta cika ɗakin da lasifiku biyu, da gaisuwarsa da adadin kuɗin da komai. Kafin ya lalubo inda ake tsayarwa, baƙi duk sun sunkuyar da kai suna duba nasu wayoyin.

A Wi-Fi aikin ya kasu uku. Akwai ma'ajiya, wato laftof ɗin. Akwai mai kunnawa, wato akwatin da ke kan amfilifaya. Wayarka kuma rimot ce kawai: ka zaɓi sura, ta gaya wa akwatin ya je ya ɗauko daga laftof, shi ke nan aikinta ya ƙare. A kira ka, ka fita, ka hau trotro zuwa Kejetia, karatu na nan yana tafiya a falo. Wannan tsarin shi ake kira DLNA ko UPnP, Windows ma tana ɗauke da shi, kunna shi kawai ake yi, a waya kuma manhaja irin BubbleUPnP ke zama rimot ɗin. Duk inda Wi-Fi ɗin gidan ta kai, ikonka ya kai. AirPlay na masu iPhone shi ma ta Wi-Fi yake bi, amma shi sautin ta cikin wayar yake ratsawa, saboda haka ba ka rabu da ita gaba ɗaya ba.

A nan ɗanka ya yi gaskiya, Wi-Fi ta fi. Kuma hujjar da na san zai kawo ta biyu ita ce kyawun sauti, to a nan ne nake so mu ɗan zauna.

Faifan CD yana zubo sauti kilobit 1,411 a daƙiƙa. Bluetooth ba ta iya ɗaukar wannan, dole ta rage. Tsarin matsewar da kowace na'ura ke da shi, SBC, yana tsayawa wajen kilobit 328. AptX yana ba da 352, aptX HD 576, LDAC na kamfanin Sony ya kai 990. Sai wayar da akwatin duka suna da tsari iri ɗaya kafin ya yi aiki, in ba haka ba su koma SBC ba tare da sun sanar da kai ba. iPhone ba ta san aptX ko LDAC ba, AAC take amfani da shi. Lambar da ake bugawa ɓaro-ɓaro a kwali, 5.0 ko 5.3, ba ita ke gyara sauti ba, kada mai shago ya ƙara maka kuɗi a kanta. Wi-Fi kuwa tana kai fayil yadda yake, ba ragi, ko FLAC ne, wato nau'in fayil da ba ya rage komai daga sauti, mai nauyin CD ko wanda ya fi haka.

A takarda ke nan. Amma Alhaji, buɗe laftof ɗin ka duba nauyin fayilolinka. Zan yi mamaki in yawancinsu sun wuce MP3 mai kilobit 128. Wanda aka kwafo daga kaset ya zo da shuuu ɗin kaset ɗinsa, tafsirin da aka ɗauka da waya a gaban lasifikar masallaci ya zo da amsa-kuwwar masallacin da kukan yara, wanda ya biyo ta WhatsApp an riga an matse shi tun kafin ya iso ka. Kokon da aka tsinka da ruwa, ko a kwanon tangaran aka zuba shi ba zai yi kauri ba. Gaskiya ne Bluetooth tana sake matse abin da aka riga aka matse, amma a falo mai fanka na juyawa da babura na wucewa a waje, kunnena dai bai taɓa kama bambancin a irin waɗannan fayiloli ba. Wanda ya kwafe CD ɗinsa zuwa FLAC, yake kuma da lasifiku na gaske da ɗaki mai shiru, shi ne zai ci ribar Wi-Fi ta wannan fuskar.

Abin da ke ɓata sautin Bluetooth a gidajenmu ba matsewa ba ce ma, caja ce. Akwatin mai araha in aka ba shi wuta da cajar bakin titi, sai ka ji wani siririn kuka, ziii, yana bin bayan sauti, ya fi fitowa lokacin da mai karatu ya ja numfashi. Gwada shi da fawa-banki: in kukan ya ɓace, cajar ce, a canza ta. Sannan da yawansu ba su da lambar sirri. A gidan haya mai ɗakuna da yawa, duk yaron da ya riga ka haɗawa shi ke da lasifikunka har sai ka zare wuta.

Akwai kuma wuraren da Bluetooth ta yi wa Wi-Fi fintinkau, kuma duk sun shafi irin tarin da kake da shi. Tafsiri zama ɗaya yakan kai awa biyu. Ka saurari minti 40, aka kira sallah, ka tsayar. Manhajojin waya da aka yi don littattafan sauti, irin Smart AudioBook Player, suna riƙe daidai inda ka tsaya ko bayan mako guda ne. Yawancin masu kunna DLNA ba su da wannan, gobe sai ka dawo farko kana jan layi da yatsa kana neman ayar. Sai nau'in fayil: waya da VLC kusan ba abin da ba ta buɗewa, har opus na saƙon murya da tsofaffin WMA, kuma duk abin da waya ta buɗe Bluetooth za ta kai. Akwatin Wi-Fi shi ne mai buɗewa da kansa, wanda bai gane ba sai ya tsallake shi shiru.

Babbar wahalar ita ce sunaye. Tsarin Wi-Fi yana jera sauti ne bisa bayanan da aka rubuta a cikin fayil, sunan mai karatu, sunan kundi, lamba. Namu kuwa rabi sunansu AUD da kwanan wata da WA0007, sauran Track 1, Track 1 kwafi, Track 1 sabo. Ranar da ka buɗe manhajar za ka tarar da ɗaruruwa a tule ƙarƙashin "ba a san mai shi ba". Ana iya bi ta folda, ana kuma iya gyarawa da manhajar Mp3tag, kyauta ce, amma aiki ne na zama, irin wanda ake ba ɗalibin da ke hutu. Ko wanne ka zaɓa, a sa wa surori lamba mai gida uku, 001 zuwa 114, darussan tafsiri kuma 01, 02, in ba haka ba na 10 zai riƙa shiga gaban na 2.

Sai dumsor. An ɗauke wuta an dawo da ita, akwatin Bluetooth cikin 'yan daƙiƙu ya kama wayar, an ci gaba. A Wi-Fi sai rauta ta tashi, akwati ya same ta, laftof ya farka, kuma in ɗaya ya maƙale sai an san wanne ne. Laftof ɗin ma dole ya kasance a kunne duk lokacin da ake saurare, in ya yi barci sauti ya yanke. Ana kauce wa wannan da rauta mai ramin USB wadda ke iya raba fayiloli da kanta, ko da 'yar kwamfutar nan Raspberry Pi da manhajar Volumio, a jona mata rumbun ajiya kai tsaye. Ni irin wannan nake amfani da shi kuma ina jin daɗinsa, sai dai ni sana'ata ce, in ya ƙi ba na kiran kowa. In kuma Wi-Fi ɗin gidan 'yar MiFi ce da ɗanka ke sawa a aljihu ya fita da ita, to maganar ta mutu tun a nan. Wayar Android ma wani lokaci in ta ga Wi-Fi ba intanet sai ta sulale ta koma kan data, rimot ya daina ganin akwati, sai an ce mata ta zauna.

Kuɗi ba sai an faɗa ba. Akwatin Bluetooth yana ko'ina a Adum, mai kyau ma bai kai rabin kuɗin na Wi-Fi ba. Na Wi-Fi da aka fi sani yanzu shi ne WiiM Mini, ƙasa da dala 100 a Amurka, yana da DLNA da AirPlay 2, har Bluetooth ɗin ma yana karɓa, amma sau da yawa sai an yi oda ko wani ya riƙo maka. Chromecast Audio na Google, wanda ya fito a 2015 kan dala 35, an daina yin sa a farkon 2019, sai na hannu, kuma shi yana son intanet kafin ya yi aiki, ban ba ka shawararsa ba. 'Yar na'urar nan mai watsa sauti ta FM da direbobi ke sawa a mota, a bar ta a mota: tashoshin Kumasi sun cika layin, da ƙyar za ka sami gurbi mai tsabta.

Da ni ne kai, Alhaji, Bluetooth zan saya, amma ba da wayar aljihuna zan haɗa ta ba. A nemo tsohuwar Tecno ko Infinix da ke kwance a durowa, a zare layin, a goge WhatsApp, a sa mata memori mai gigabait 128, a juye tarin duka a ciki. MP3 mai kilobit 128 yana cin kusan megabait 1 a minti, wato memorin zai ɗauki sama da awa 2,000. Wannan wayar ta zama ta falo, tana kan tebur kusa da kujerarka. Ba mai kiran ta, ba saƙon da zai fasa maka asiri, ba ta fita daga ɗakin balle sauti ya yanke, tana riƙe inda tafsiri ya tsaya, laftof kuma ya huta. Kusan duk abin da ɗanka ke zargin Bluetooth da shi ya kau. Kada dai a bar ta a caji dare da rana, da zafin nan batirin kumbura yake yi. Memorin kuma a saya inda za a iya mayarwa, jabu sun yi yawa: yana nuna 128, amma in ka wuce ɗan abin da ke cikinsa na gaskiya sai fayiloli su fara lalacewa. A cika shi, a buɗe na farko da na ƙarshe a ji.

Ranar da ka sa rauta ta dindindin a gidan, ko kake son karatu ɗaya ya riƙa tashi a falo da ɗakin Hajiya lokaci guda, to lokacin Wi-Fi ya yi, kuma gyaran sunayen da aka yi yanzu zai yi amfani a can.

In za ka Adum, ka tafi da wayar da za a yi amfani da ita. Ka ce mai karɓa kake so, wanda aka rubuta RX ko yake da maɓallin RX da TX, domin akwai mai turawa zalla, kamanninsu ɗaya. A jona a shagon, a ɗaga murya ba tare da an kunna komai ba ka ji ko yana kuka, sannan ka taka zuwa bakin ƙofa da wayar ka ga inda zai fara yankewa. Kafin nan ka sa a ɗauko mini hoton bayan amfilifayar, in nuna maka ramin da za a sa da irin kebul ɗin da za ka haɗo da shi.