Miksar da ta kusa kurmantar da ni a daren farko

Wata uku ke nan da na sayi wannan 'yar miksa, wato na'urar haɗa sautuka, mai tasha takwas da kafar USB, kuma sai yanzu zuciyata ta yi sanyin da zan iya faɗin ra'ayina ba da zagi ba. Buƙatata ba ta taka kara ta karya ba. Ina da jita, ina da na'urar sauya sautin jita irin wadda ake takawa da ƙafa, ina son in haɗa su da makirufo in riƙa ɗaukar kiɗana a kwamfuta. A jikin kwali an rubuta wai jonawa kawai za ka yi ka kama aiki. To, na jona.

Ɗaukar farko lafiya lau. Wayoyi biyu daga na'urar jita, hagu da dama, na sa su a tashar sitiriyo, kebul ɗin USB ya tafi laftof, na kaɗa, manhaja ta ɗauka. Har na fara yi wa kaina kirari. Da na zo ɗora kiɗa na biyu a kan na farko, dole in ji abin da na riga na ɗauka, sai na ga wasu ƙananan maɓallai biyu maƙwabtan juna, na danna na kusa da hannuna. Jama'a, ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Hedfon yana kunnena, an ƙure masa murya, wata irin kuwwa ta tsaga mini kai. Ban san sa'ad da na fizge shi na yi jifa da shi ba. Kunnena na dama ya kwana yana ƙugi, har washegari in an yi mini magana sai na juyo da na hagu.

Kwana biyu na yi ina laluɓe kafin in gane abin da ya faru. Ashe kafar USB ɗin layi biyu kacal take aikawa kwamfuta, kuma ba komai ba ne illa abin da ke fita ta babbar mafita. Maɓallin da na danna shi ke zuba sautin kwamfuta cikin babbar mafitar. Kwamfuta ta ba miksa, miksa ta mayar wa kwamfuta, manhajar kuma a buɗe take tana sake turo abin da ya shigo. Sauti ya yi ta zagaye yana ƙara wa kansa ƙarfi. Ko da an tsira daga kuwwar, kiɗan farko zai maƙale cikin ɗauka ta biyu, ba mai raba su. Takardar bayanin da ta zo cikin kwali, shafi huɗu, ko layi ɗaya ba ta yi gargaɗi a kan wannan ba. Wannan ne ya fi ƙona mini rai.

Ɗaya maɓallin yana kai sautin kwamfuta hedfon kaɗai, shi ya kamata in danna. Amma shi ma da nasa halin: kana danna shi, sautin jitarka na kai tsaye ya ɓace daga kunne, sai abin da ya bi ta kwamfuta ya dawo. Nan jinkiri ya shigo. Bafa, wato yawan gutsuren sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa, tana kan 512, a saurin ɗauka na 44.1 kilohaz wannan milisakan 11.6 ne a shiga, wani 11.6 a fita. Ka taɓa tsirkiya, sai ka ji sautin yana biyo ka a baya kamar mai jin kunya. Sai da na sa direban ASIO, manhajar da ke rage jinkirin sauti a kwamfuta, na sauke bafar zuwa 128, wajen milisakan 3 kowane ɓangare, sannan hannu da kunne suka shirya.

In za a yi adalci, sautinta ba laifi. Zizar da na riƙa ji da farko, kamar an kulle ƙudan zuma a gwangwani, laifina ne: na bar na'urar jita a saitin amfilifaya, alhali miksa take ba sauti, don haka sashen da ke kwaikwayon sautin akwatin sifika a kashe yake. Ina mayar da ita saitin layi sautin ya yi kauri ya zauna. Na kuma gwada sa jita kai tsaye a tashar layi, sautin ya fito a dushe, domin jita tana son mashiga mai turjiyar lantarki wajen om miliyan 1, ta layi kuwa wajen om 10,000 ce. Makirufo ma tana ɗaukarsa tas, wutar bolt 48 da wasu makirufo ke buƙata tana aiki. A lokacin har na ce wa wani abokina ya saya.

Na janye maganar daga baya. Ranar da na so in yi waƙa ina kaɗawa, kowanne a layinsa, dabara ɗaya ce: in murɗa jita can ƙarshen hagu, murya can ƙarshen dama. An rabu, amma duk amsa-kuwwar sitiriyo da na ɓata dare ina gyarawa ta tafi, kuma a hedfon kowane kunne da abin da yake ji. Tasha takwas a fuska, biyu a ciki. Ga shi kuma da zarar na sa cajar laftof sai wani gurnani ya taso a ƙasan sauti, sai dai in yi aiki da batir ina kallon kaso yana sauka.

Abin haushi da ban dariya, ina kwance wayoyi wata rana na juya bayan na'urar jitar, sai ga kafar USB tata ta kanta. Shekara biyu tana hannuna ban taɓa kula ba. Yanzu jita ta can take shiga kwamfuta, miksa kuwa makirufo kawai take riƙe mini. Maɓallin nan na liƙe shi da salatif baƙi, ninki biyu.