Jinyar kiɗa ga tsofaffin sojoji: ta bidiyo ko ido da ido?

Tsohon sojan da ciwon baya ya ƙi bari shekara da shekaru, ta bidiyo ta fi masa sauƙi gaskiya, yana kishingiɗe a ɗakinsa mai jinyar na saka masa waƙar da yake so tana koya masa jan numfashi a hankali, ba zaman mota ba bin layi, hukumar VA mai kula da tsofaffin sojojin Amurka ma tana yin haka. Ba wai ciwon zai warke ba fa, lafawa yake. Matsalar netwok ce, sauti na makara, ku ce za ku buga ganga tare sai rikici. Nan kam ido da ido ya fi, ga jita a hannu ga 'yan uwa sojoji ana hira. Amma wanda tafiya ke tayar wa da ciwo, ni bidiyo zan ce masa.