Muryar Yaro da ta Yarinya: Inda Suke Rabuwa

Kafin balaga, da wuya ka bambanta muryar yaro da ta yarinya a waya, don hanyar da sauti ke bi daga maƙogwaro zuwa leɓe kusan tsawonta ɗaya ne. Balaga ce ke raba su.

Shi namiji, sinadarin testosteron, wanda ke kawo alamun balaga a jikin maza, kan sa maƙogwaronsa ya ƙara sauka, zakaran wuya ya fito, tantanin murya, wanda ke kaɗawa ya fitar da sauti, ya yi tsawo da kauri, hanyar ta kai kimanin santimita 17. Shi ya sa murya ke fashe masa yana tsaka da magana, ya kama jin kunya a banza.

Ita kuwa mace, hanyar tata takan tsaya wajen santimita 14 zuwa 15, muryarta ta ɗan sauka a hankali, ba a ma cika lura ba.