PRS SE Santana: Abin da Jitar Take Bayarwa, da Abin da Ba Ta Iya Bayarwa

Masu kaɗa jita da suka ƙwallafa rai a kan sautin Carlos Santana abu ɗaya suke nema: murya mai kauri, marar kaifi, wadda idan an taɓa tsirkiya sau ɗaya za ta yi ta tafiya ba ta mutuwa, kamar gogen da ake ja wa izga a hankali. Mahaifinsa makaɗin biyolin ne a Meziko, shi ma da biyolin ya fara, kuma ana jin wannan a yadda yake riƙe sauti a kiɗansa mai suna "Europa" na 1976. Tambayar ita ce ko PRS SE Santana, mai rahusar cikin jitocin da ke ɗauke da sunansa, tana kai mutum can.

Tana kai shi rabin hanya. Da jitar Santana kamfanin PRS na jihar Maryland ya buɗe layin SE a 2001, ana ƙerawa a Koriya, daga baya aikin ya koma Indunusiya. Ta yanzu jikinta katakon mahogani ne da fuskar mapul, wuyan ma mahogani, manne da jiki ba da kusoshi ba, gaɓoɓi 24 (wato rabe-raben wuya inda ake danna tsirkiya), da tsuntsayen ado a kan allon yatsu. Fikof, wato na'urar da ke ɗaukar sautin tsirkiya, biyu ne masu naɗin waya biyu, maɓallin ƙara ɗaya, na kaifin murya ɗaya, sai makunni mai matsayi uku. Babu hanyar raba naɗin fikof, don haka mai son siririn sautin jitar Stratocaster ya nemi wata.

Abin da ya fi bambanta ta shi ne tsawon tsirkiya: inci 24.5, alhali jitar Gibson 24.75 ce, ta Fender kuma 25.5. Gajartar tana sassauta tsirkiya, lanƙwasa ta da yatsa ya yi sauƙi, sautin kuma ya fito a dunƙule. Wuyan mai kauri ne, yana cika hannu. Mai ƙananan yatsu zai yi ƙorafi a makon farko, amma wannan kaurin ne yake ba babban yatsa wurin dogara idan ana girgiza sauti a hankali irin na Santana.

Sassaucin yana da nasa aibin. Da siraran tsirkiyoyi masu lamba 9 zuwa 42, mai nauyin hannu zai riƙa danne sauti ya zarce inda ya kamata, musamman a gaɓoɓin farko. Lamba 10 zuwa 46 ta fi dacewa da ita. Sai dai sauya lamba yana jawo aiki uku. Gadar, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke zaune a kai a jikin jita, za ta ɗaga, don haka a buɗe murfin baya a ƙara ɗaure kusoshi biyun da ke riƙe da sifirin har gadar ta dawo daidai da fuskar jiki, da ratar kamar milimita 1.6. Wuyan zai ƙara lanƙwasa: a danne tsirkiya a gaɓa ta farko da ta ƙarshe, a duba ratar da ke kan gaɓa ta 8, a nemi kamar milimita 0.25, a juya sandar cikin wuya rubu'in juyi kawai a lokaci guda. Na uku, ramukan da tsirkiyoyi ke bi a saman wuya za su matse. Idan ka ji "ƙis" lokacin da kake saita sauti, tsirkiya ce take maƙalewa a nan, kuma shi ne dalilin da ya sa tsirkiya ta uku take gocewa bayan an taɓa sandar girgiza sauti da ke jikin gadar. Goga bakin fensir a ramin yana rage matsalar, amma maganinta na gaskiya shi ne mai gyara ya ɗan faɗaɗa ramin da siririn magagari. Kusoshi shida na gaban gadar kuwa, kada a juya su tsirkiya tana ɗaure, domin bakin gadar da ke zaune a kansu zai dakushe, kuma daga nan ba za ta ƙara komawa mazauninta daidai ba.

Fikof na kusa da wuya shi ne zuciyar al'amarin. Da yake gaɓoɓin 24 ne, an tura shi kusa da gada fiye da yadda yake a jita mai 22, sai muryarsa ta ɗan fi tsabta. A kan siraran tsirkiyoyi uku yana da daɗi ƙwarai. A kan masu kauri yana iya cuɗewa idan an ƙara ƙarfi. Kafin a yi maganar sayen sabo, a danne gaɓa ta ƙarshe a saukar da ɓangaren fikof ɗin da ke ƙarƙashin masu kaurin zuwa kamar milimita 2.5 daga tsirkiya, ɗaya ɓangaren kuma milimita 2. Yawanci wannan ya wadatar.

Sauran rabin hanyar tana wurin amfilifaya, kuma tarihin Santana kansa shaida ne. A bikin kiɗa na Woodstock a 1969 Gibson SG ce a hannunsa, a ƙarshen shekarun 1970 Yamaha SG2000, bayan nan PRS, amma ba wanda ya taɓa kasa gane shi. Abin da ya daɗe tare da shi shi ne amfilifaya ƙirar Mesa Boogie Mark I ta Randall Smith, wadda take tura tsakiyar sauti gaba. A kowace amfilifaya, a ɗaga Mid (tsakiyar sauti) zuwa 7 ko 8, a bar Treble (kaifi) wajen 4, a rage Bass (kauri) zuwa 3, a kan jitar kuma a mayar da maɓallin kaifi zuwa 5 ko 6. Kuskuren da aka fi yi shi ne cika Gain, maɓallin da ke ƙara ƙarfin sautin da ke shiga amfilifaya. Yin haka yana kawo zuza, yana kuma shafe bambancin taɓawa a hankali da taɓawa da ƙarfi, wanda shi ne dukan daɗin kiɗansa "Samba Pa Ti". Dogon sautin nan daga ƙarar lasifika yake zuwa, iskar da take turowa tana sake girgiza tsirkiyar. Shi ya sa Santana yake zagaya dandali kafin wasa yana sa alama a inda kowane sauti yake kamawa. A ɗaki da ƙaramar murya hakan ba ya samuwa, sai dai a kwaikwaya da fedar Overdrive, na'urar takawa mai tsawaita sauti, a gaban amfilifaya da ɗan amsa-kuwwa.

Wanda zai kawo ta Kano ko Damagaram ya yi hattara da hunturu. Busasshiyar iska tana tsuke allon yatsu, bakin ƙarafunan gaɓoɓi ya fito yana yankar hannu. A ajiye ta cikin jakarta, da soso mai ɗan danshi a cikin roba mai huji, kada ya taɓa katako. Idan kuma amfilifayar daga Amurka aka sayo, a duba bayanta kafin a jona: mai bolt 120 tana buƙatar taransifoma a kan wutar 220 ko 230.