Gidajen wasan kwaikwayo na Montreal: na Faransanci da na Turanci, duka mun leƙa

Bari in fara da abin da ya ba mu dariya. Ranar da na ce wa abokina zo mu je teyatur, sai ya zaro ido ya ce subhanallahi wa za a yi wa tiyata? Shi Bakano ne, ni kuma ɗan Damagaram, kun san dai abin da ke tsakaninmu, tun ranar da muka haɗu a masallaci nan Montreal ta ƙasar Kanada ba mu daina tsokanar juna ba. Mu a Nijar teyatur muke cewa, su kuma tiyata a wurinsu sai asibiti da wuƙar likita. To daga nan muka ƙulla yarjejeniya, in na kai shi na Faransanci shi ma sai ya kai ni na Turanci, kowa ya ɗanɗana wahalar ɗan'uwansa. Garin nan ya dace da irin wannan, don shi kansa a rabe yake kamar mu, akwai wani titi da ake kira Saint-Laurent wanda tun da can ake cewa gabas da shi masu Faransanci, yamma masu Turanci, ko da yake yanzu abin ya cakuɗe sosai.

Na fara kai shi Théâtre du Nouveau Monde, mutanen gari TNM kawai suke cewa. Yana kan titin Sainte-Catherine, ka sauka metro, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa, a tashar Place-des-Arts ka ɗan taka kaɗan ka iso. An kafa ƙungiyar tun 1951, kuma su ne masu manyan wasanni irin na su Molière, tsohon marubucin nan na Faransa, da muka sha haddacewa a makaranta ba mu taɓa gani a kan dandamali ba. Wallahi ganin abin da ido daban ne. Hasken fitilu, kayan da 'yan wasa ke sawa, yadda ake sauya ɗaki ya koma fili cikin ƙiftawa da bisimilla ba ka ga wanda ya ɗauke kujera ba, gaskiya an kashe kuɗi kuma an san aiki. Muna can sama a bene amma muryar kowa tana iso mu tar. Ni na ji daɗi don Faransancin littafi ne, irin wanda malamanmu suka dura mana. Mutumina kuwa ya yi minti ashirin yana gyaɗa kai kamar yana fahimta, can na waiga na ga ya sunkuyar da kai, da aka yi hutun tsakiya ya ce mini wai tunani yake yi. Tunani da minshari?

Inda ni ma na sha kashi shi ne Rideau Vert, a titin Saint-Denis. Ƙaramin gida ne in ka kwatanta da TNM, amma ya girme shi, 1948 aka kafa shi, mata biyu ne ma suka kafa, Yvette Brind'Amour da Mercedes Palomino. Na shiga ina taƙama ni mai Faransanci ne, aka fara wasa sai na ji kamar wani yare ake yi. Faransancin cikin gida na Kebek, lardin da Montreal take ciki, wanda ake kira juwal, ba irin na rediyo ba ne, haɗiye kalmomi suke yi su cusa na Turanci a ciki, zaginsu ma ba irin na Faransa ba ne, da sunayen kayan coci suke ashar. Ɗakin gaba ɗaya ya kwashe da dariya ni ina zaune ina kallon bakin mutane, sai bayan kusan rabin awa kunnena ya fara buɗewa. Kuma ba banza ba, a wannan gidan ne a 1968 aka fara nuna Les Belles-sœurs na Michel Tremblay, kamar ka ce facaloli, mata 15 a kicin suna manna 'yan tambarin kyauta irin na shaguna a littattafai suna gulma da yaren talakawan gari. A lokacin abin ya tayar da ƙura, wasu suka ce an zubar da mutuncin harshe, yau kuma shi ne abin alfaharinsu. Ni abin ya tuna mini da su Yazi Dogo, yadda suke wasa da Hausar da ake ji a kasuwa da ofis, mutum ya ga maƙwabcinsa a dandamali ya yi dariya har da hawaye. In da za a tambaye ni, wannan gidan ya fi shiga raina duk da wahalar da na sha, don kana kusa da 'yan wasan har numfashinsu kana ji.

Sai aka zo kan ramuwa. Bakano ya ja ni Centaur, a tsohon gari, tashar Place-d'Armes ake sauka. Ginin kansa abin kallo ne, mai manyan ginshiƙai a gaba, da can shi ne kasuwar hannun jari ta Montreal kafin a mai da shi gidan wasa, ƙungiyar ta fara a 1969 kuma ita ce babbar ta masu Turanci a garin. Ɗakunan wasa biyu gare su kuma ba su cika girma ba, duk inda ka zauna kana gani da kyau. Na ɗauka zan yi barci in rama, amma ina. Turancina na kame-kame ne amma Turancin dandamali a hankali ake furta shi, ga motsin jiki yana taimaka maka, na kama fiye da rabi. Shi kuwa yana ta zungura ta da gwiwar hannu yana fassara mini da Hausa a kunne har wata tsohuwa a gabanmu ta waigo ta harare mu, muka yi tsit. Abin da ya burge ni da Centaur, ba sa yin kamar ba a garin Faransanci suke ba. Tun 1979 suka nuna Balconville na David Fennario, wasan da ake yi da harsunan biyu a haɗe, maƙwabta masu Turanci da masu Faransanci a unguwar talakawa suna zaune a barandar gidajensu suna faɗa suna shiryawa. Da na ji labarin na ce wa mutumina ai wannan mu ne, Maraɗi da Katsina.

Segal Centre kuma sau ɗaya na je, yana can wajen Côte-des-Neiges, unguwar da baƙi irinmu suka fi yawa. Sun fi ƙarfi a wasanni masu waƙa da rawa da Turanci, kuma suna da ƙungiyar da ke wasa da Yidish, yaren Yahudawan gabashin Turai, wadda Dora Wasserman ta kafa a 1958. Irin wasan da kowa ke ɓarkewa da waƙa ana tsakiyar magana bai dame ni ba, na Indiya ma na gaji da shi tun ina yaro, amma mai so zai more. Akwai kuma Black Theatre Workshop, ƙungiyar baƙar fata da ta haura shekara 50 tana aiki, in kun ga tallar wasansu kar ku bari ya wuce.

Yanzu maganar aljihu. Tikiti ba arha, wannan kar wanda ya ruɗe ku, in ka juya kuɗin zuwa sefa ko naira sai ka ji kanka ya sara. Amma yawancinsu suna rage wa ɗalibai da matasa, ka tafi da katin makarantarka, kuma kujerun sama ko na gefe sun fi sauƙi. A intanet ake saye, a turo maka a waya. Wasu gidajen na Faransanci suna ware ranakun da ake haska fassarar Turanci a saman dandamali, da mun san haka tun farko da Bakano bai yi "tunani" ba, don haka ku duba ranar kafin ku biya. Ku duba bayanin wasan ma, don akwai masu ashar da yawa, akwai waɗanda ake tuɓe kaya a ciki, ba abin da za ka kai iyali ko surukinka ba ne, galibi suna rubutawa a shafinsu. A farfajiya ana sayar da giya lokacin hutu, ba mai tilasta maka, mu ruwa muke sha mu koma.

Lokaci kuma ba wasa. Wani gidan da ba zan faɗi sunansa ba mun makara da 'yan mintoci saboda dusar ƙanƙara ta tsayar da bas, aka ce mu jira a waje sai an sami gaɓar da za a shigar da mu, muka tsaya riƙe da manyan rigunan sanyi kamar masu jiran biza. Laifinmu ne, amma ya yi mini ciwo. Yawanci wajen bakwai da rabi ko takwas na dare ake farawa, kuma kakar wasannin daga Satumba ne zuwa wajen Mayu. Da hunturu abin ya yi mana daidai, rana na faɗuwa tun huɗu da 'yan mintoci, ka yi magariba da isha'i a gida ka fito hankali kwance. Amma daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni, lokacin bukukuwan wasanni na TransAmériques da Fringe, magariba kan kai wajen takwas da rabi, tana faɗowa tsakiyar wasa, sai dai ka nemi na rana a ƙarshen mako.

Wani abu da har yau ban saba da shi ba, shirun. Mu a gida in ana wasa a gidan matasa kowa na sa baki, a yi wa mugu ihu, a ce wa yarinya kar ki yarda da shi, mai gyaɗa na zagayawa. Nan ko tari ka yi sai ka ji kunya. Sai an gama ne za su miƙe tsaye gaba ɗaya su yi ta tafi, 'yan wasa su fita su dawo su fita su dawo. Bakano ya ce shi Samanja ya fi masa duk wannan, amma jiya shi ne ya turo mini saƙo wai akwai wani sabo a Centaur, kuma wai wannan karon ni zan biya.