Haikalin Senso-ji da kasuwar Nakamise: ya cancanci zuwa, amma da sassafe

Malamai da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da taro ko karatu ke kaiwa Tokyo kusan duk sai an ce musu su leƙa Asakusa, unguwar da haikalin Senso-ji na mabiya Buddha yake. Shawarar ba ta da laifi, sai dai lokacin zuwa ne ke gyara ziyarar ko ya ɓata ta.

Shiga kyauta ne. A hau jirgin ƙasa layin Ginza a sauka tashar Asakusa, ga Kaminarimon, ƙofar shiga haikalin, nan kusa, mai ƙatuwar fitilar takarda ja da ta kai wajen kilo 700. Daga nan sai layin shaguna na Nakamise, tsawonsa kamar mita 250. Ana buɗe babban zauren ƙarfe 6 na safe, ko 6:30 daga Oktoba zuwa Maris, a rufe ƙarfe 5 na yamma. Wanda ya bari har hantsi ya yi zai tarar da cunkoso irin na kasuwar Sabon Gari ranar jajibirin sallah.

Wadda ake bauta wa a nan ita ce Kannon, allahiyar jinƙai a wurin mabiya Buddha. A labarinsu, wasu masunta biyu 'yan'uwa ne suka tsamo gunkinta da koma a kogin Sumida a shekarar 628. Kada kowa ya sa ran ganinsa, a ɓoye yake, ba a nuna shi. Ginin ma ba na asali ba ne: ya ƙone a ruwan bama-baman 1945, aka sake shi a 1958.

Musulmi zai iya kallon gini ya wuce, babu mai tilasta masa komai. Abin kiyayewa shi ne takardun da ake zara da yen 100. Duba ne, ba tikiti ba. Hayaƙin turaren da ake shafawa a jiki ma ibadarsu ce.

Shagunan sun fi kyau ga mai neman maficin hannu da ƙananan tsaraba, kodayake da ɗan tsada, kuma ba a tayi. A tambaya kafin a sayi senbei, wato biskit ɗin shinkafa, don miyar da ake shafa masa kan ƙunshi mirin, mai giya a ciki. Ba a son ci ana tafiya, a tsaya gefen shagon a gama. A riƙe tsabar kuɗi, ba kowane shago ke karɓar kati ba.